Amsa: Ƙurar da ido ba ya gani, ta ina take shiga ƙwayoyin huhu?

Ɗan uwa, ka tambaya ko 'yan mitsi-mitsin ƙurar da ke cikin hayaƙin dizal da na janareta suna fita da numfashi ko kuwa zama suke a huhu. To, wasu kam suna fita, amma da yawa zama suke.

Manyan, hanci da majina ke tare su, 'yan gashin da ke bututun iska su turo su sama ka haɗiye ko ka tofar. Matsalar tana ga waɗanda ba su kai nanomita 100 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), su sai sun gangara can ƙarshen huhu, cikin 'yan jakunkunan iska inda jini ke karɓar iskar da muke shaƙa. Da saukarsu sai ruwan maiƙon da ke wajen da su furotin su lulluɓe su, kuma wannan rigar ce ƙwayar halitta ke fara gani, ba ƙurar kanta ba.

Akwai masu shara a wajen, wasu ƙwayoyin halitta da ake kira makirofaj, aikinsu haɗiye datti, amma abin mamaki sun fi iya kama masu ɗan girma, ƙananan sau da yawa sai su kuɓuce musu. Sai bangon jakar ya karɓa, fatar ƙwayar halittar da ke bangon ta lotsa ciki ta naɗe ƙurar cikin 'yar kumfa ta tsinke ta shige da ita. Wasu su maƙale su jawo kumburi, kaɗan ƙwarai su tsallaka cikin jini don bangon siriri ne sosai.

Takunkumin yadi ba ya tare su da kyau, takunkumin da ake kira N95 ya fi, in ya zauna daram a fuska.