Idan na kira su, oga zai sani?

Tambaya: Anti, wata uku ke nan mahaifiyata tana fama da shanyewar ɓarin jiki. Ni ke kwana da ita, da safe in tafi ofis ido jajawur. Sau biyu ina gyangyaɗi a taro. Na ga lambar shirin tallafa wa ma'aikata a allon sanarwa, amma ina tsoron maganar ta kai kunnen ogana.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ƙanwata. Ki kira su. Irin wannan shiri ya samo asali ne a Amurka tun shekarun 1940, don ma'aikatan da giya ta kama, daga baya ya haɗa da matsalolin iyali, bashi da damuwa. Galibi wani kamfani na waje ne ke gudanar da shi, kuma alƙaluma kawai yake miƙa wa ofis, ba sunaye ba, sai dai idan rai na cikin haɗari. Duk da haka, ki fara tambayarsu ƙa'idar sirrinsu kafin ki buɗe ciki. Sannan ki faɗi ainihin buƙatarki: mai jinyar dare, da likitan gashin ƙashi. Gyangyaɗin kuwa, oga ya riga ya gani, gara ki same shi da kanki ki nemi sassaucin lokacin shigowa.