Gyaran tsohon gida a Jos: amsoshin tambayoyinku kan kicin da falo

Mun gaji gidan mahaifinmu a Gangare, ginin shekarun 1970 ne. Ina so in sa tayil da silin POP da sabon kabad kafin bikin ƙanwata, amma ƙasan bangon falo kullum fenti na kumbura yana zuba, ga wani farin gari kamar kanwa. Mai fenti ya ce a shafe da sikiridin, wato shafen da ke sa bango santsi kafin fenti, a wuce wurin. In yarda? — Magidanci daga Gangare

Malam, kada ka yarda. Farin garin nan gishiri ne da ruwa ke ɗaukowa daga ƙasa ko daga cikin bulo, idan ruwan ya bushe sai ya bar shi a fuskar bango. Sikiridin zai ɓoye shi har a sha biki, amma kafin ruwan Agusta ya ɗauke ya sake ɓullowa, wannan karon tare da kuɗinka.

Fara da gano inda ruwan ke fitowa. Yanki leda mai kauri kamar taku ɗaya, ka manna ta a wurin da salatef ta kowane gefe, ka bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a bayan ledar, wato ɓangaren bango, ruwan daga cikin ginin yake. Idan a fuskar da ke kallon ɗaki ta taru, tururi ne da rashin iska, abin da aka saba gani a Jos lokacin sanyi da ake rufe tagogi ruf. Danshin da ke hawowa daga ƙasa ba kasafai yake wuce mita ɗaya ba, kuma yakan bar layi kamar bakin kogi. Wanda ka gani sama kusa da silin kuwa, je ka duba kwano.

Sannan ka zagaya bayan bangon. A tsofaffin unguwanni, shekara da shekaru ana zuba ƙasa ana cike lungu, har ƙasan waje ta fi daɓen ɗaki tudu. A kwashe ta har ta sauka aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, a yi daɓen siminti mai gangara a gindin bangon, a gyara indararo yadda ruwan kwano ba zai riƙa dukan tushe ba. Daga ciki a farfashe filastar har santimita 30 sama da inda alamar danshi ta tsaya, a bar bangon tsirara ya sha iska, sannan a sake filasta da awo ɗaya na siminti, awo huɗu na yashi mai tsabta, da maganin hana shigar ruwa bisa ma'aunin da ke jikin ledarsa. Sabuwar filasta na bukatar sati uku zuwa huɗu kafin fenti. Wannan aikin rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris, amma a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma a satin farko, don iskar hunturu na busar da siminti kafin ya kama, sai ya tsattsage.

Idan an fasa aka tarar bangon na bulon ƙasa ne, kamar yawancin gidajen tsohon gari, a yi hattara: filasta mai siminti da yawa da fentin mai suna kulle danshi a ciki, ƙasar ta riƙa narkewa a ɓoye. Irin wannan bango maganinsa nisanta ruwa daga tushe, ba ƙara masa sulke ba.

Game da kuɗi, bi wannan jeri: rufi, danshi, waya da bututun ruwa, filasta, silin, daɓe, kabad, fenti a ƙarshe. Duk wanda ya sa tayil kafin mai gyaran famfo ya zo, zai biya kuɗin tayil sau biyu. Ka kuma ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin aikin a gefe, domin tsohon gida sai an fasa ake sanin abin da ke cikinsa. In kuɗin bai kai ba, POP ne zai jira bayan biki.

Kicin ɗina ƙarami ne, ga duhu. Ina son a rushe bangon da ya raba shi da falo ya zama buɗaɗɗe kamar yadda nake gani a Instagram. Birkila ya ce aikin kwana biyu ne. — Uwargida daga Rayfield

Hajiya, rushewar kam ko kwana biyu ba ta kai ba. Tambayar ita ce me ke zaune a kan bangon. A ɗaga silin ɗaya a leƙa da tocila: idan katakon rufi ya kwanta a kansa, ko akwai rufin kankare ko tankin ruwa a sama, bangon na ɗauke da nauyi. Kaurin inci tara ma alama ce, ko da yake a tsohon gini har bangon inci shida kan ɗauki rufi. Wannan ba hukuncin birkila ba ne. A kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya fitar da girman bim, wato gungumen kankaren da zai ɗauki nauyin a madadin bangon, da yawan rodi, a kuma tuntuɓi JMDB, hukumar raya birnin Jos, kan izini tunda an taɓa ƙashin ginin. A tokare rufin ta ɓangarori biyu kafin guduma ta taɓa bango, bim ya zauna aƙalla inci tara a kowane gefe, kuma kada a cire tokara kafin sati uku. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa.

Amma kafin nan, ki yi wa kanki wata tambaya. Kicin ɗin da kike gani a hoto ba a soya manja a cikinsa, ba a daka daddawa, ba a babbaka kai da ƙafa. Ranar da Alhaji ya yi baƙi a falo kina tuƙa tuwo, ina za ki sa kanki? Ga labule da kujeru da za su sha hayaƙi. Shawararmu ita ce a buɗe taga mai faɗin mita ɗaya da rabi a bangon, a sa mata linta da murfi mai zamewa. Haske zai shiga, za a miƙa abinci ta nan, in an yi baƙi a ja a rufe. A bangon waje kuma a sa fankar zuƙe hayaƙi wadda ke fitar da shi waje. Irin wadda ke tace iska ta maido ta ɗaki ba ta iya wa suyarmu.

Kafinta ya ba ni zaɓi uku na kabad: MDF, HDF ko marin. Saman kuma mabul ko giranit. Wanne zai daɗe? — Amarya daga Unguwar Rogo

Malama, MDF garin katako ne da aka matse da gam. Yana da santsi, yana karɓar fenti, amma da ruwa ya shiga gefensa sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. HDF ya fi shi tauri, sai dai asalinsu ɗaya. Marin kuwa falle-fallen katako ne da aka liƙa da gam mai jure ruwa. Saboda haka raba aikin: jikin kabad na ƙasa, musamman ƙarƙashin sinki, a yi shi da marin mai kaurin milimita 18, ƙofofi da kabad na sama a yi da HDF. Idan za ku shiga kasuwar Katako ko Building Materials, ku dubi gefen allon da idonku. Marin na gaskiya layi-layi ne a jere ba rami a tsakani. Kowane gefe da aka yanka a rufe shi da tef ɗin baki, har wanda ido ba ya gani, don ta nan ruwa ke shiga.

Akwai hanya ta huɗu da kafinta ba zai faɗa miki ba, tunda ba aikinsa ba ce: birkila ya gina kantar da bulo da kankare, a lulluɓe da tayil ko giranit, kafinta ya sa ƙofofi kawai. Ba ta kai kabad kyan gani ba, amma gara ba ta cin ta, ruwa ba ya kumbura ta. A gidan da aka taɓa ganin hanyar gara a bango, ita muka fi so. In kuma katako za a yi, a ɗora shi a kan dakali ko ƙafafu masu tsawon santimita 10 don ruwan mofa, a yi feshin gara kafin a kafa.

A saman, giranit. Mabul ba ya shiri da tsami: lemon tsami, tumatir, ruwan tsamiya duk suna cinye ƙyallinsa, manja kuma ya shige shi ya zauna. Giranit mai duhu ya fi ɓoye tabo. A tsakaninsa da bango da kewayen sinki a sa silikon, ba farin siminti ba, wanda ke tsagewa.

Tsayin kanta santimita 85 zuwa 90 ne, zurfinta 60, tsakaninta da kabad na sama 55 zuwa 60. Ga abin da masu kwaikwayon hoto ke mantawa: idan gas ɗinki na ɗorawa ne a kan tebur, ki ɗora shi a kanta mai santimita 90, ki aza babbar tukunya, bakin tukunyar ya kai ƙirji, muciya ba ta juyuwa sai da ɗage kafaɗa. A sauke wurin gas ɗin zuwa santimita 65 ko 70. Kabad na sama kuma ba a rataye shi a bangon bulon ƙasa da fisha, wato robar da ake cusawa a bango don ta riƙe sukuru, zai zazzago da kwanukanki. A yi masa ƙafafu daga ƙasa ko a yi dogon kabad mai tsayuwa da kansa.

Tunda za a rufe bango da kabad, a cire tsohon bututun ƙarfe yanzu. Tsatsa ke cinye shi daga ciki, shi ya sa ruwa ke fitowa ja da safe. A sa bututun roba na PPR, a buɗe ruwa a bar shi kwana ɗaya a ga ko akwai yoyo kafin a rufe da filasta. Bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke ya zama inci biyu, da gangarar santimita biyu a kowace mita, da lanƙwasar nan ta ƙarƙashin sinki mai riƙe ruwa, wadda ke tare wari da kyankyaso.

Falonmu tarazo ne, ya dushe. In fasa in sa tayil? — Malamin makaranta daga Bukuru

In bai tsattsage ba, bai kuma yi ƙarar rami idan an ƙwanƙwasa ba, kada ka fasa. Masu injin gurza za su wanke shi da dutse mai kaushi zuwa mai laushi, su cike ramuka, su goge, ya fito kamar jiya aka zuba. Tarazo na jure turmi, tayil kuwa daka ɗaya ya ishe shi.

In dai sai tayil, ana iya ɗora shi a kan tarazon bayan an wanke maiƙo an karce fuskar, amma da gam ɗin tayil, ba siminti zalla ba. Daɓen zai tashi kusan santimita biyu, don haka za a rage ƙofofi. Lissafi: falo mai mita 4 da 5 murabba'in mita 20 ne, ƙara kashi 10 na yanka da fashewa ya zama 22. Kwalin tayil 60 da 60 mai guda huɗu yana rufe 1.44, wato kwali 16. Sayi duka rana ɗaya, ka duba lambar rukuni a jikin kwalayen ta zama ɗaya, in ba haka ba launin zai bambanta. A kicin a guji mai sheƙi, da ɗigon mai ya zama tarko.

Silin gidanmu asbesto ne, wayoyin kuma tun na asali. Da wanne zan fara? — Hajiya daga Tudun Wada

Da waya, Hajiya. An ja ta ne lokacin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwan fitila da rediyo da fanka ba, yanzu ga firji, ga hita, ga butar lantarki. A cire tsohon akwatin fis a sa mai bireka, da na'urar da ke yanke wuta idan ta taɓa mutum, mai lamba 30mA, a kuma kafa sandar at, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Fitilu waya mai kaurin 1.5mm², soket 2.5mm², kukar lantarki 6mm² a kan layinta ita kaɗai da bireka mai amp 32. Ki sa a yanka wayar a gabanki: jan ƙarfe ne har ciki, ko fari ne aka yi wa rini? Kicin na son soket biyar ko shida, kowanne nesa da sinki da wuta.

Asbesto kuwa, muddin lafiyarsa ƙalau ba ya cutarwa. Ƙurarsa ce ke illa ga huhu, kuma sai bayan shekaru masu yawa cutar ke bayyana. Kada a yanka, kada a huda, kada a goge da sanfefa. In ya farfashe dole a sauke, a fitar da yara da kayan abinci, a jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke falle-falle ba tare da karyawa ba, ma'aikata su sa takunkumi mai matatar ƙura, a naɗe a leda, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Yayin da silin ke buɗe, a duba katakon rufi ko gara ta taɓa shi, a kalli kwano da rana tsaka, duk inda haske ya ɗigo nan ruwa ke bi, balle a garin da ake ruwan ƙanƙara.

Tukunyar gas kuma a fitar da ita waje cikin keji mai iska da inuwa, a jawo bututu ta bango. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, saboda haka kabad rufaffe shi ne wuri mafi haɗari da za a ajiye shi. A gwada mahaɗa da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo.