Karan Ɗori da Keɓaɓɓun Kalmomi a Takardun Bayanin Harshen Manhaja

Tambaya: Mu da yawa ne muke rubuta takardun bayani na wani harshen rubuta manhaja, kuma mun lura cewa kalma ɗaya tana fitowa da siffa uku: wani ya haɗe ta, wani ya raba, wani kuma ya sa karan ɗori a tsakiya. Shin wannan ya kai a ɓata lokaci a kansa, kuma ta yaya za mu daidaita?

Amsa: Ya kai, amma kafin ku zauna tattaunawa ku raba matsalar gida biyu, domin hukuncin sunan da ke cikin kod dabam yake da na kalmar da ke cikin jimlar bayani.

A cikin kod ba ku da zaɓi. A harsuna irin su C da Java da Python, karan ɗori alamar ɗebewa ce, don haka idan aka saka shi a tsakiyar suna, kwamfuta za ta ɗauka ana so a ɗebe wani abu daga wani. Lisp da COBOL kuwa sun yarda da shi a cikin suna. Wannan bambancin ne ya sa abin da CSS ke rubutawa `background-color` yake komawa `backgroundColor` a JavaScript, haka kuma a Rust, kunshin da aka raɗa wa suna mai karan ɗori ana kiransa da layin ƙasa (_) a cikin kod. Aikin mai rubuta bayani shi ne ya kwafi sunan harafi da harafi, ko da yana ganin kuskure ne. Kalmar `Referer` ta shiga ƙa'idar HTTP ta sadarwar yanar gizo da harafi ɗaya a ɓace (daidai shi ne "referrer"), tana nan a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1945 ta shekarar 1996, kuma har yau haka ake rubuta ta, saboda gyara ta zai lalata manhajojin da suka dogara da ita. Ku kuma yi hattara da manhajojin buga rubutu da ke mayar da karan ɗori biyu zuwa dogon layi ɗaya da kansu. Mai karatu da ya kwafi `--help` a wannan gurɓatacciyar siffa zai ga umarnin ya ƙi aiki, bai kuwa san dalili ba.

A cikin jimlar bayani ne kuke da 'yanci, kuma a nan ne gardama takan yi tsawo ba tare da riba ba. A ganina, wace siffa kuka zaɓa bai kai muhimmancin tsayawa a kanta ba, domin salo yana sauyawa: sai a 2011 jagorar salo ta kamfanin dillancin labarai na AP ta cire karan ɗori daga "e-mail". Abin da ke cutar da mai karatu shi ne rabuwar siffofin, tun da wanda ya nemi siffa ɗaya a akwatin bincike yana iya rasa shafukan da aka rubuta da ɗayar.

Musanya keɓaɓɓun kalmomi ya fi wannan haɗari. A rubutun adabi ana gudun maimaita kalma, amma mai karanta bayanin fasaha, da zarar ya ga kalma ta sauya, zai zaci ma'ana ce ta sauya. Ƙamus ɗin takardun Python ya bambanta "parameter", wato sunan da aka sa a inda aka fayyace aiki (function) a cikin kod, da "argument", wato ƙimar da ake miƙa masa lokacin kira, kuma duk wanda ya cuɗanya su ya rikita mai koyo. RFC 2119 na 1997 ma an rubuta shi ne don kayyade abin da kalmomin MUST da SHOULD da MAY ke nufi a takardun ƙa'idojin intanet.

Game da yadda za ku daidaita, ku ɗauki jagorar salo da ake da ita, ta Google ko ta Microsoft, ku ƙara gajeren jerin kalmominku a kai, kowace da siffar da aka amince da ita da waɗanda aka hana. Ku ajiye jerin a ma'ajiyar kod ɗinku, sannan ku sa manhaja irin Vale ta riƙa duba kowane sabon rubutu kafin a karɓe shi, tare da tabbatar da cewa tana tsallake sassan kod don kada ta taɓa sunan da bai kamata a taɓa ba. Tsofaffin shafuka kuwa, a gyara su a aiki guda wanda ba a haɗa shi da wani canjin ma'ana ba, domin mai dubawa ya iya tantance shi cikin sauƙi.