Amsa: In faɗa wa ƙanwata ko in yi shiru?

'Yar'uwa, kin ce kin gano saurayin ƙanwarki AS ne kamar yadda take, wato dukansu suna ɗauke da gadon amosanin jini a jikinsu ba tare da suna ciwon ba, danginsa suna ɓoyewa, kuma kina tsoron zama irin yayar nan ta wasan kwaikwayon talabijin da ta tona asiri gida ya watse. Ki faɗa mata kafin a sa rana. Idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS mai amosanin jini, kuma samun ɗan fari lafiyayye ba ya kare na biyu.

Sai dai kada ki yi a gaban taro, yadda ake yi a wasan don a riƙe masu kallo. Ki kira ta ɗaki ke da ita, ki roƙe ta su je Babban Asibitin Damagaram su sake gwajin jini tare, takarda ta yi magana a madadinki. A gidanmu nan Birni an yi shiru saboda kunyar surukai. Yau ɗan yayata shekararsa 7, duk lokacin sanyi kwana muke muna gasa masa ƙafafu yana kuka, kuma wallahi har yanzu uwarsa ba ta gaisawa da gwaggon da ta sani ta ɓoye.