Tambaya da Amsa: Wa Zai Kula da Lafiyar Wanda Ya Fito daga Gidan Yari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena zai fito daga gidan yari nan da wata guda, bayan ya shafe shekara huɗu a tsare. An gano yana da tarin fuka, ya fara shan magani wata biyu da suka wuce, kuma kafin a kama shi ya daɗe yana shan ƙwayoyi. Mun gyara masa ɗaki, amma batun lafiyarsa ne ya hana ni barci. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri, domin kin yi tambayar a kan kari. Dangi da yawa suna ɗauka cewa wahala ta ƙare ranar da aka buɗe ƙofa, alhali makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari ga lafiyar mutum. Wani bincike da aka wallafa a 2007, wanda ya bi sawun mutane fiye da 30,000 da aka saka daga gidajen yarin jihar Washington ta Amurka, ya gano cewa a makonni biyu na farko haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, kuma shan ƙwaya fiye da kima shi ne kan gaba wajen hallaka su.

Dalilin haka ya shafi ƙaninki kai tsaye. Jikin da ya daɗe bai ga ƙwaya ba ya rasa juriyar da ya saba da ita, saboda haka adadin da yake sha a da ba tare da ya faɗi ba yana iya tsayar da numfashinsa yanzu. Ki faɗa masa wannan ƙarara, cikin tausayi, ba da sigar zargi ba, ko da ya rantse miki cewa ya daina. Idan abin da yake sha dangin kodin ne, ki tambayi likita game da naloksan, maganin da ke dawo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne.

Sai tarin fuka. Maganinsa na yau da kullum wata shida ne: wata biyu na farko da magunguna huɗu, sannan wata huɗu da guda biyu. Ranar da ƙaninki zai fito, rabin tafiyar kawai ya ci, kuma a daidai lokacin ne tari yake lafawa, jiki ya murmure, majinyaci ya ga kamar ya warke. Idan ya yanke shan magani a nan, cutar tana iya dawowa da ƙarfin da magungunan farko ba za su ƙara yi mata tasiri ba, jinya ta yi tsawo, ku da kuke kwana gida ɗaya da shi ma ku shiga haɗari. Don haka tun yanzu ki je wurin ma'aikatan lafiya na gidan yarin, da amincewarsa, ki nemi a ba shi katin maganinsa, da takardar tura shi zuwa asibitin da zai ci gaba, da maganin da zai ishe shi har ranar ganin likita. Wannan ba alfarma kike roƙo ba. Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce a ƙa'ida ta 24 a tsara kiwon lafiyar fursunoni yadda jinya ba za ta katse ba, sun kuma ambaci tarin fuka da ƙanjamau da dogaro da ƙwayoyi.

Amma takarda ba ta kai kanta asibiti. Mutumin da ya yi shekara huɗu ana ƙayyade masa lokacin tashi da na shan magani yakan rikice idan aka bar shi da layin kati, da ɗakin gwaji, da kunyar a tambaye shi inda ya fito. A nan ne ake buƙatar jagoran majinyaci, wato mutum guda wanda ya san ranar komawa asibiti, yake raka shi, yake neman sa idan bai zo ba. Likita Harold Freeman ne ya fara wannan tsari a unguwar Harlem ta birnin New York a 1990 domin talakawa masu cutar daji, sannan a 2006 aka buɗe wani asibiti a San Francisco na waɗanda suka fito daga kurkuku, inda jagororin su ma tsofaffin fursunoni ne. A ganina hikimar tana nan, domin wanda ya taɓa kwana a ciki ya fi saurin samun amanar ɗan'uwansa.

Ki tambaya ko asibitin yana da ma'aikacin jin daɗin jama'a ko na lafiyar al'umma da zai ɗauki wannan nauyi. Idan babu, ku zaɓi mutum ɗaya a cikin dangi wanda ƙaninki yake sakin jiki da shi, kada a bar abin a hannun kowa da kowa. Ku kai shi asibiti a cikin makon farko, a duba hawan jini da ƙanjamau da ciwon hanta. Idan kuka ga ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ko yana cewa rayuwa ta ishe shi, ku kai shi wurin likita a ranar. Allah ya ba shi lafiya, ya sa ya fito a sa'a.