Tambaya da Amsa: Na'urar radar jirgin yaƙi da ba ta motsi, da dalilin da ya sa ƙasashe ke ƙera tasu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni mai gyaran wayarin mota ne a Suame Magazine, Kumasi. Na ji a labarai wai Koriya ta Kudu da Turkiyya sun ƙera na'urar rada ta jiragen yaƙi da hannunsu, kuma wai irin wadda ba ta jujjuyawa ce. Yaya na'ura za ta duba hagu da dama ba ta motsa ba? Me ya hana su saya su huta? Mu a Ghana za mu iya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Aikin rada shi ne ta harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi abu ta dawo, a lissafa nisansa daga lokacin da ta ɗauka. A jiragen da, faranti guda ne a cikin hancin jirgin, ƙaramin inji na kaɗa shi hagu da dama. Kafin ya gama zagaye ya dawo, abokin gaba ya riga ya sauya wuri.

Sabuwar kuwa faifai ne shimfiɗaɗɗe da aka ɗaure cak, an jera masa ƙananan eriya wajen 1,000 ko fiye. Tsawon igiyar da jiragen yaƙi ke aiki da ita kusan santimita 3 ne, don haka tazarar eriya da 'yar'uwarta ba ta wuce santimita ɗaya da rabi ba. In duka suka yi harbi lokaci guda, igiyar gaba za ta miƙe. In kwamfuta ta ɗan jinkirta na gefen dama, kowace eriya bayan ta kusa da ita, sai igiyar ta karkata dama. Ka tuna sahun 'yan makaranta a faretin 6 ga Maris: na dama su rage taku, na hagu su miƙe, sai ka ga sahun ya juya ba wanda ya tura wani. Jinkirin nan bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba. Shi ya sa radar ke iya tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan nan take, ta riƙe jirage da yawa a lokaci guda, tana kuma zana taswirar ƙasa. Tana da iyaka dai: da ta karkata fiye da digiri 60 ganinta yakan raunana.

Iri biyu ce. Ta farko, PESA, tushen ƙarfinta guda ne, ana rarraba shi ga eriyoyin. Tarayyar Sobiyet ce ta fara ɗora irinta a jirgin yaƙi, wato radar Zaslon ta jirgin MiG-31 da ya shiga aiki a 1981. Ta biyu, AESA, ita ake rububi yanzu, domin kowace eriya da nata abin aikawa da na karɓa. Japan na cikin waɗanda suka fara, da jirgin F-2 a shekarar 2000. Ko wasu eriyoyin sun mutu sauran za su ci gaba da aiki, kuma tana sauya zango cikin hanzari, abin da ke wahalar da mai son dagula mata sigina.

Batun saya kuwa, ba ko yaushe kuɗi ke buɗe ƙofa ba. A 2015 Amurka ta ƙi ba Koriya ta Kudu fasahohi huɗu da ta nema don jirginta KF-21, har da na wannan rada, alhali ƙawarta ce ta ƙut da ƙut. Sai hukumar binciken tsaron Koriya da kamfanin Hanwha Systems suka duƙufa, suka nuna samfurin farko a watan Agusta na 2020, jirgin kansa ya fara tashi a Yulin 2022. Turkiyya ma an cire ta daga shirin jirgin yaƙin Amurka F-35 a 2019 saboda ta sayi makaman kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha, kuma kamfaninta Aselsan ya ƙera radar MURAD. Indiya na da tata, Uttam, da aka tsara a Bengaluru don jirgin Tejas, amma duk da haka rukunin farko na Tejas Mk1A radar Isra'ila aka sa masa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka nauyin aikin.

Ko da an sayar maka, abin da ya fi ci mini rai shi ne manhajar a kulle take zuwa. In kana son haɗa radar da wani makami mai linzami na daban, ko ka koya mata gane sabon jirgin abokin gaba, sai ka koma wurin mai ita ka nemi izini. Ranar da siyasa ta ɓaci, kayan gyara ma sai su tsaya.

Ina wahalar take? Faifan ba shi ne matsala ba. Matsalar tana cikin 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke bayan kowace eriya. Da ana yin su da haɗin galiyom da asenik, yanzu an koma haɗin galiyom da naitrojin, wanda ya fi jure zafi da ba da ƙarfi. Masana'antun da suka iya yin su ba su da yawa a duniya. Sannan akwai zafi. Ƙwayoyi dubu a matse cikin hancin jirgi, mafi yawan wutar da suke sha zafi take zama, dole a zagaya musu da ruwan sanyaya ta cikin siraran bututu. Zafin ɓangare ɗaya ya ɗan ɗara na ɗaya, lissafin jinkirin ya kauce, igiyar ta dosa inda ba a aike ta ba. Ƙara wuta ma ba ya fisshe ka da sauƙi: in kana son ninka nisan gani sau 2, sai ka ninka ƙarfi sau 16. Bayan duk wannan sai manhajar da za ta tsamo jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa daga cikin amon duwatsu da bishiyoyi, kuma ita sai da shekaru na gwaji a sararin sama take nuna.

Mu a Ghana, gaskiya ba yanzu ba, kuma ban ga buƙatar mu sa kai ba. Jiragen K-8 na sojojin samanmu na horo ne da ƙananan hare-hare, ba a yi su don irin wannan rada ba. Nijeriya da ta karɓi jiragen yaƙi JF-17 guda 3 a 2021 ma, radarsu mai jujjuyawa ce. Sai a rukuni na uku na jirgin aka sa radar KLJ-7A ta Chaina, irin AESA. Abin da ke damunmu shi ne masu satar kifi da 'yan fashin teku a mashigin Gini, da tsaron iyakar arewa. Radar gaɓar teku da ta jirage marasa matuƙi suka fi dacewa da wannan, kuma ilimin iri ɗaya ne da na eriyoyin 5G. Ɗaliban lantarki na jami'ar KNUST za su iya farawa da jerin eriya 8 ko 16 a ɗakin gwaji. Injiniyoyinmu, tare da na Afirka ta Kudu, ai sun mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 na Kuntunse na'urar nazarin taurari, aka ƙaddamar da shi a 2017.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Galiyom ba shi da mahaƙa tasa, yawanci wajen tace baksait, ma'adinin da ake yin alminiyom da shi, ake samunsa. Chaina ce ke fitar da fiye da kashi 90 cikin 100 na duniya, kuma tun Agustan 2023 sai da lasisi ake fitar da shi daga can. Mu kuma ga baksait a Awaso da Nyinahin, amma ɗanye muke lodawa ta Takoradi, masana'antar alminiyom ta VALCO da ke Tema kuma tun asali da tataccen garin baksait da ake shigowa da shi daga waje take aiki. Muddin ba mu da matatar kanmu, galiyom ɗin da ke cikin ƙasarmu a jirgin ruwa yake tafiya, wasu su tace su sayar wa masu ƙera rada.