Gida, maigida da baƙo: amsoshi ga masu bincike a Zango

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga ɗalibai suka fito, masu yawo da takardar tambayoyi ta bincike a Aboabo da Asawase da Sawaba, unguwannin Zango na Kumasi a Gana.

Tambaya: Malam, an ce mu ƙirga mutanen gida. Wani dattijo ya ce mini su 40 ne, wata mata a gidan kuma ta ce su 6. Wa ya yi ƙarya? (Wata ɗaliba, jami'ar KNUST ta Kumasi)

Amsa: Babu wanda ya yi ƙarya, 'yata, tambayar ce gurguwa. Gida yana nufin gini, yana nufin zuri'a, kamar a ce gidan Malam wane, yana kuma nufin asali, shi ya sa wanda aka yanke wa cibiya a Kumasi zai ce miki za shi gida, alhali Kano yake nufi. Dattijon ya ba ki lissafin gini, matar ta ba ki na ɗakinta. Abin da Hukumar Ƙididdiga ta Gana take nema, kamar a ƙidayar 2021 da ta sami mutum miliyan 30.8, shi ne waɗanda suke zaune tare, suke ci tare, suka amince da shugaba ɗaya. Hausa tana da sunansu tun da daɗewa: masu cin tukunya ɗaya.

To, ki shiga ta nan. Ki fara da "tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan?" Sannan ga kowace tukunya, "wa ke ba da kuɗin cefane?" Daga nan, "wa ya kwana a ɗakin nan daren jiya?" Gidan haya na Zango tsakar gida ɗaya ce, famfo ɗaya, amma murhu na kowa daban. Inda lissafi ke karyewa wuri uku ne. Mai mata biyu da ya kama wa kowace ɗaki a unguwa daban, ko a rubuta shi sau biyu, ko kowace ta bar wa kishiyarta shi. Don maganin irin wannan ne ƙidaya take tsayar da dare ɗaya, a rubuta kowa inda ya kwana a daren, kamar 27 ga Yuni a 2021. Sai samarin da ke kwana a shago amma kwanonsu na wurin uwa. Sai waɗanda ba sa hura wuta sam, koko da ƙosai da safe, waakye (shinkafa da wake) da rana, duk a bakin titi. Su kam aljihun da ke biya za ki bi.

Tambaya: Maigida ba miji ake nufi ba? (Wani mai karatu, Tafo)

Amsa: Wannan taƙaitawar tana ba ni takaici, kuma 'yan rediyo ne suka fi yaɗa ta. Miji maigida ne, amma a Zango kalmar ta kasuwa ce tun zamanin fataken goro da ke zuwa Salaga ta arewacin Gana, kafin yaƙin basasa na 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Maigida shi ne mai saukar da baƙon ɗan kasuwa: ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mai saye ya karɓi la'ada. Babban aikinsa lamuni ne. Mai shanun da ya zo daga arewa bai san mahautan gari ba, ba zai ba su bashi ba sai maigida ya tsaya, in mahauci ya ƙi biya wuyan maigida ne. Mai bincike Polly Hill ta rubuta kan wannan tsari da mahautan Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya nuna irinsa a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a 1969, a cinikin shanu da goro. Har yau yaron mota da mai koyon ɗinki suna ce wa ubangidansu maigida. Saboda haka mai binciken da ya ce wa saurayi "wane ne maigidanka?" yana neman shugaban iyali, sunan mai shago zai samu. Ya ce "wa ke ciyar da ku?" ya huta.

Tambaya: Mene ne "baƙo raɓa, ɗan gari kaba"? (Wani malamin makaranta, Alabar)

Amsa: Raɓa da hantsi ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta sai ta tsiro, don saiwarta ta yi nisa. Ana faɗa wa mai zubar da na gida saboda baƙon da gobe zai ɗaure kaya. Amma a yi hattara da ita a nan. Dokar korar baƙi ta gwamnatin firaministan Gana Busia a Nuwamba 1969 ta taɓa har waɗanda a nan aka haife su, don haka kalmar baƙo tana da ɗaci a bakin tsofaffi, kada mai tambaya ya buɗe hira da ita. Mai bincike Enid Schildkrout, da ta zauna da Mosi ('yan asalin Burkina Faso ta yau) na Zangon Kumasi ta fitar da littafinta a 1978, ta nuna yadda 'ya'yan da aka haifa a nan suke tashi da Hausa a baki ba tare da sun bar kiran kansu Mosi ba. Wanda ya ji Hausa ya rubuta "Bahaushe" a takarda ya yi aikin ganganci. A tambayi abu uku daban-daban: harshen da ake yi a ɗaki, asalin uba, da sarkin da ake kai wa ƙara ko goron suna.

Tambaya: Hali da ɗabi'a da al'ada duk ɗaya ne? (Wata mai karatu, Sawaba)

Amsa: A'a. Hali na mutum ne, shi ake ce wa zanen dutse. Ɗabi'a tana gyaruwa da tarbiyya. Al'ada ta jama'a ce.

Tambaya: Wata uwa ta lissafa mini 'ya'yanta ta tsallake babban. Mantuwa ce? (Ma'aikacin lafiya, Asawase)

Amsa: Kunya ce, ɗan'uwa, wadda wasu ke kira kara ko alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, tsohuwa kuma ba ta kiran sunan miji, sai Malam ko Alhaji. Anthony Kirk-Greene ya sa kunya cikin siffofin mutumin kirki a 1974, tare da gaskiya da amana da haƙuri, don haka ba tsoro ba ce, ba kuma rashin wayewa ba, kamar yadda wasu 'yan boko ke rubutawa a rahoto. Ka fara daga auta ka yi sama, kana cewa "wa yake bi?", in an iso kan babban ka bar ƙanwarta ko wata yarinya a gidan ta faɗi sunan. Kada ka ce "'ya'yanki nawa?" kai tsaye, da yawa ba sa son ƙirga 'ya'ya. Zancen waɗanda suka rasu kuma mace ta yi shi, a ɗaki, bayan an yi gaisuwa cikakkiya.

Tambaya: "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba"? (Wani ɗalibi, Akwatia Line)

Amsa: Har da ajiye magana. In ka tambayi ribar ɗan kasuwa a gaban maƙwabta aka jefo maka ita, an sallame ka ke nan.

Tambaya: Tsofaffi ba su san shekarunsu ba, yaya za mu yi? (Wata ɗaliba, Jami'ar Gana, Legon)

Amsa: Sun sani, da abin da ya faru suke lissafi. Ki riƙe jerin shekaru a bayan takardarki: samun 'yanci 1957, juyin mulkin da ya kawar da Nkrumah 1966, korar baƙi 1969, yunwa da dawowar 'yan Gana daga Najeriya 1983, canjin kuɗi 2007. Ki ce, "Hajiya, lokacin yunwa kin yi aure? Goyon wa kike yi?" Ki gwada da abu biyu, in sun saɓa da fiye da shekara 5 ki nemo sa'arta a unguwa wadda take da takardar haihuwa ko tsohon fasfo na aikin Hajji.